Minsharin Malam Idirisu

A gidan Iya Shatu da ke unguwar Birni, cikin tsohon garin Damagaram, ba mai runtsawa da rana sai Maigida ya soma minshari. Kada ka ji an ce Maigida ka zaci wani dattijo ne mai furfura. Yaro ne ɗan shekara biyar, siriri, wanda ko mazagin wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Sunansa na yanka Idirisu, sunan kakansa Malam Idirisu baduku, wanda ya rasu tun kafin a kawo uwar yaron gidan. Kowace kaka a ƙasar nan tana tsokanar jikanta da "mijina" ko "angona", a yi dariya a wuce. A wannan gidan dai wasan ya daɗe har ya daina zama wasa, kuma ba mai iya gaya maka ranar da ya daina.

Uwar yaron, Zuwaira, 'yar Zermu ce, an rene ta da kunya irin ta mutanen da. Yaron ɗan farinta ne, ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi ko da ya faɗi ya fasa baki. Ga shi kuma ya ci sunan surukinta, sai bakinta ya rufu ta hanya biyu. In ta kama dole, "yaron Iya" take cewa. Ranar da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa kamar yadda aka saba, wai ya ɗan kwana biyu ya manta nono. Kwana biyun nan har yau ba su cika ba. Shi ma da ya buɗe baki ya ji kakarsa na cewa "Zuwaira", sai ya ɗauka, yake kiran uwarsa da sunanta gatsal, ita kuma ta amsa ba tare da ta dube shi ba.

Yana shekara uku abin ya fara. Bazara ce, irin zafin da duwatsun Birni suke sha tun safe su amayar da shi a kan mutane da azahar. Lunguna sun yi tsit, an kore yara cikin ɗakuna don kada su yi karo da masu yawon rana tsaka waɗanda ba a gani. Sai aka ji minshari daga ɗakin Iya Shatu. Ja ne mai tsawo, mai kaushi, kamar ana jan busasshiyar fata a ƙasa, sai wani ɗan fito ya biyo baya, sai shiru. Shirun ya ɗan jima, sannan numfashin ya ɓalle da ƙarfi, aka sake daga farko.

Iya Shatu tana tsakar gida da ƙwarya a hannu, ƙwaryar ta suɓuce ta fashe. Ɗanta Mahamud, uban yaron, ya dawo daga rumfar dukanci zai ci abinci, ya tsaya cak a zaure ya kasa shigowa. Maƙwabciyarsu Fati, wata tsohuwar Babarbariya da suka tashi tare da Iya, ta leƙo ta katanga ta ce, "Wushe, Malam, sannu da dawowa." Da dariya ta faɗa, amma sai da ta goge ido da bakin mayafi.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan ya shaida, minsharin Malam Idirisu ne, ba ragi ba ƙari, har ɗan fiton nan.

Daga nan kamanni suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, Iya Shatu na tattarawa. Bakin yaron ya daina rufuwa, kullum a sake, leɓen ƙasa na rataye. Haka Malam yake, in ji Iya. Fuskarsa ta yi tsawo, idanun suka yi nauyi. Haka Malam yake. Magana ta koma fita ta hanci, a toshe, sai ka rantse wani tsoho ne ke gunaguni a bayan ƙyaure. A kira shi sau uku bai juyo ba, Iya ta yi dariya ta ce ai Malam ma a ƙarshe sai an taɓa shi. Ana tsakiyar cin tuwo gyangyaɗi ya ɗauke shi da loma a hannu. Iya ta ciro buzun mijinta daga ƙarƙashin gado ta shimfiɗa masa, ta wanke akushin marigayi, aka koma zuba wa yaron abinci a ciki kafin a zuba wa kowa. Da yamma takan zaunar da shi a bakin ƙofa ta ba shi tsohuwar basilla da guntun fata, ya yi ta huda, baki buɗe, masu wucewa na gaishe shi da girmamawar da rabinta wasa ne, rabinta kuwa Allah kaɗai ya sani.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa jin minsharin Malam Idirisu ba, ita ce Zuwaira. Ba ta san shi ba, ko hotonsa guda ɗaya ne, shi ma ya koɗe. Saboda haka in kowa ya kwanta yana jin tsoho ya dawo, ita yaro take ji yana kokawa da iska. Takan ɗauki faifai da shinkafa ta zauna a inuwar bangon ɗakin surukarta, wai tsinta take. Ba jan take saurare ba, shirun take saurare. Tana nan hannu a cikin shinkafa, ita ma ta riƙe nata numfashin ba ta sani ba, sai ya ɓalle ta saki. Shekara biyu tana wannan zaman, kuma ta san abin da ba wanda ya lura da shi: shirun ƙara tsawo yake.

Ta gwada mijinta sau ɗaya, a ɗaki, kai a sunkuye. Ta ce, "Yaron Iya fa, wuyansa kamar akwai abu."

Mahamud mutumin kirki ne, irin mai kirkin da ba ya son a ta da ƙura ko da gida na ci da wuta. Ya ce, "Wane abu? Ranar suna Sule wanzami da hannunsa ya cire masa beli, a gabana. Me ya rage a wuyan?" Ya ƙara da cewa, "Ke ma kin san ba a jin maganar nan daga bakinki. In Iya ta ji kina sa wa ɗan fari ido, ina za mu sa kanmu?"

Ta haɗiye sauran.

Wajen Fati ta ji abin da ya hana ta sukuni. Suna surfe tare wata safiya, tsohuwar ta ɓaro zance da kanta. Ta ce Malam bai yi ciwo ba ko na yini ɗaya. Barcin rana ya kwanta, yana minsharinsa yadda ya saba, Iya Shatu na gefensa tana kaɗi. Ya ja, ya yi fito, ya yi shiru. Iya ta saba, shekara arba'in tana jin shirun nan, ta san yakan dawo. Ta ci gaba da kaɗinta tana jira. Aka kira la'asar tana jira. Da mutane suka shigo sai da aka ɓamɓare ta daga wurin, tana cewa a dakata tukuna, bai gama ba.

Fati ta ce, "Ko a zaman takaba ba ta yi kuka ba, 'yar nan. Kunne kawai take kasawa. Ranar da yaron nan ya ja na farko, ce mini ta yi, kin ji ko, ya ƙarasa wanda ya fara."

Zuwaira ta tsaya da surfen. Taɓarya na hannunta, ta kasa ɗagawa. Ashe Iya Shatu ba ta tsoron shirun nan ko kaɗan. In ya zo, zama za ta gyara ta jira.

A bazarar da yaron ya cika biyar ciwon maƙogwaro ya kama shi, na uku ke nan tun sanyi. Jiki ya yi zafi, haɗiyar yawu ta gagara, wuya ya kumbura ta gefe biyu. Iya ta jiƙa masa saiwoyi ta ɗaura masa laya. Ran nan wasu mata biyu dangin Iya suka zo daga Takieta gaisuwa, aka ci aka sha, da azahar suka shige ɗakin tsohuwa su da Fati suna hira ƙasa-ƙasa, yaron na kwance kan buzu. Zuwaira na bayan bango da faifanta.

Ya ja. Jan ranar ma a wahale ya fito. Ya yi fito. Ya yi shiru.

Ta jira. Ta ji kurciya na kuka kan katanga, ta ji wani mai garuwa ya wuce a lungu, ƙarar garewaninsa ta yi nisa har ta ɓace. Numfashin da ta riƙe ya ƙare, ta saki, ta sake ja, nasa bai dawo ba. Ba ta san lokacin da faifan ya kife ba, sai ganin kanta ta yi a bakin ƙofar da ba ta taɓa shiga ba tare da sallama ba.

Hirar ta tsaya. Iya Shatu na zaune a gefen yaron, fuskarta a sake, har da ɗan murmushi, ta karkata kai tana saurare. Ta ɗaga wa Zuwaira hannu ba tare da ta juyo ba. Ta ce a hankali, "Kada ki tashe shi. Zuwa ya yi, yana dawowa."

Ƙirjin yaron na lotsawa ciki yana tasowa, iska ba ta shiga. Leɓunansa sun yi toka-toka.

Zuwaira ta tsallake ƙafar surukarta, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Ta fizgo yaron ta zaunar da shi, ta jijjiga shi, ta ƙwala kira da muryar da aka ji har zaure: "Idirisu! Idirisu!"

Ya ja iska da wani irin gurnani, ya shaƙe, ya yi tari, ya fashe da kuka. Ya dube ta kamar bai san ta ba, ya miƙa hannu wajen kakarsa.

Baƙin Takieta sun rufe baki da mayafi. Fati ta sunkuyar da kai. Iya Shatu ta daɗe tana kallon surukarta, sannan ta ce, "Sunan nan, ni da na zauna da shi shekara arba'in ban taɓa faɗarsa ba. Sai ke, 'yar Zermu."

Kunya ta kama Zuwaira har cikin ƙashi, ta ji da ma ƙasa ta tsage. Amma kunyar ta riga ta zube gaban baƙi, ba ta kwasuwa, sai ta ga ba sauran abin da za ta adana. Ta saɓa yaron a kafaɗa yana harbe-harbe yana kiran Iya, ta fita da shi cikin ranar nan da ba a fitar da yara. Lungu ba kowa, sai inuwarta da tasa a haɗe. Sai da ta kai bakin titi ta samu ɗan kabu-kabu yana gyangyaɗi ƙarƙashin bishiyar bedi, ta ce ya kai ta asibiti.

Mahamud ya iske su can, hularsa a karkace, an aika masa rumfa cewa matarsa ta haukace. Lokotoro, likitar da ke duba kunne da hanci da maƙogwaro, mace ce, mai saurin magana. Ta danne harshen yaron da ɗan katako, ta haska fitila, ta ce wa uban, "Matso ka gani da idonka."

Ya leƙa. Tsoka biyu jajaye, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sun kumbura har sun kusa haɗuwa a tsakiya, da fararen ɗigo a jikinsu.

Ya ce, "Amma an cire masa beli."

Ta ce, "Na gani, kuma da an tambaye ni da ba a taɓa shi ba. Wannan ba beli ba ne. Amidal ke nan, kowane yaro yana da su, nasa ne suka yi girma fiye da kima. Akwai wata tsokar kuma a can bayan hanci, ba a ganinta ta baki, sai mun yi radiyo, mu ɗauki hoton ciki." Da hoton ya fito ta ɗaga shi ta nuna musu wani ɗan siririn layi baƙi. "Nan ce hanyar iskarsa. In ya yi barci naman ya saki, sai ta rufe. Shi ya sa bakinsa ba ya rufuwa, shi ya sa yake magana ta hanci. Kunnensa ma ruwa ne ya taru a ciki, ba kurma ba ne. Yaron da ke kokawa da numfashi duk barcinsa ba ya girma, kuma zuciya tana gajiya. Tun yaushe yake haka?"

Mahamud ya dubi matarsa. Zuwaira ta ce, "Tun yana uku." Ta ci gaba, ta faɗi yawun da ke jiƙa matashi, da fitsarin kwance da ya dawo bayan ya daina, da yadda yake kwanciya wuya a miƙe kai a baya. Mijinta ya saki baki yana kallonta. Matar da ko duban yaron ba ta yi, ashe ba abin da ya wuce ta.

Lokotoro ta rubuta ordinansi, takardar maganin ciwon da ake ciki da na fesawa a hanci, ta ba su randebu, ranar da za su dawo. Ta ce in kumburin ya sauka amma shirun bai daina ba, sai aiki, a sa shi barci a cire duka.

Mahamud ya ce, "In an cire, minsharin fa?"

Ta ce, "In sha Allah zai tafi gaba ɗaya."

Ka ga mutumin da aka yi wa albishir ya yi zugum kamar an yi masa ta'aziyya.

Zazzaɓi ya sauka, wuya ya sace, shirun bai tafi ko'ina ba. Iya Shatu ta daina amsa gaisuwar Zuwaira, in ta wuce sai ta janye ƙafarta. Da Mahamud ya kai mata zancen aiki, ce masa ta yi, "Kun binne shi sau ɗaya, bai ishe ku ba?" Ya dawo jiki a sanyaye, ya ce wa matarsa a bari tukuna a ga abin da Allah zai yi.

Ba ta yi masa gardama ba. Wata rana da Iya ta zagaya bayi, ta kamo hannunsa ta ja shi har gaban buzu. Ta ce, "Kai kullum daga zaure kake ji. Yau toshe kunnenka, ka ɗora hannu nan." Ta ɗora tafinsa kan ƙirjin yaron. Da shirun ya zo, ya ji 'yan haƙarƙarin nan suna fizga a ƙarƙashin hannunsa, suna ja ba abin da ke shiga, zuciya na bugawa da sauri kamar ta tsuntsun da aka kama. Ya ɗago da ido jajaye. Ya ce, "Baba ƙato ne, Zuwaira. Wannan duk ƙirjin bai cika hannuna ba." Washegari shi da kansa ya je ya karɓo ranar aiki.

Safiyar da za su tafi Iya Shatu ba ta fito ba. Ta yi wa yaron wanka tun da asuba, ta shafa masa turaren marigayi, ta turo shi waje ta ja ƙyaure.

A ƙofar ɗakin aiki aka sa masa wata riga da ta yi masa yawa, aka ba shi maganin da ke kwantar da hankali kafin na barcin. Mahamud ya fita alwala, Zuwaira kaɗai ke tsaye gefen gadon. Idanun yaron sun soma lumshewa. Har anfirmiye, ma'aikaciyar jinya, ta kama gadon za ta tura, sai ya miƙo hannu ya riƙe bakin mayafin uwarsa. Ya buɗe ido tar, ya dube ta irin duban da babba ke wa yaro. Da muryar nan tasa mai kauri, a toshe, a natse, ya ce, "Ki ce wa Shatu kada ta jira ni."

Ya saki mayafin.

Ba mai cewa Shatu a gidan nan. Shi yaron "Iya" yake cewa, Mahamud ma "Iya", Fati ma "ƙawata" take kiranta. Anfirmiye ta yi dariya ta ce maganin nan ba abin da ba ya sa yara faɗa, jiya wani ya ce shi jaki ne. Ta tura gadon, ƙofa ta rufe. Zuwaira ta zauna a kan benci. Da mijinta ya dawo ya tambaye ta lafiya, ta ce lafiya, ba ta gaya masa ba.

Aiki ya yi kyau. Yaron ya farka yana kuka da wata 'yar siririyar murya, yana tofar da yawu mai ja-ja. Lokotoro ta ce ruwan sanyi, yawur wato kindirmon kanti, koko da ya huce, ba yaji ba abu mai zafi ko mai kaushi har ciwon ya warke, kuma in aka ga jini ko da tsakar dare ne a rugo da shi. Da yake Zuwaira ta san kunun kanwa mai tururi da Iya ke ɗura wa duk wani mara lafiya, sai ta roƙi mijinta suka sauka gidan yayarta Rahina a Sabon Gari, kusa da asibiti.

A can ta fara ganin ɗanta yana barci ba sauti. Abin da ta yi shekara biyu tana roƙo ya zo, sai ya zame mata abin tsoro. Takan tsinko zaren auduga ta riƙe a gaban hancinsa, ta ga yana motsi, ta ajiye, jim kaɗan ta sake ɗauka. Bakin ya soma rufuwa. Kunnen ya buɗe a hankali, har yana firgita in akuya ta yi kuka a gidan maƙwabta. Ya soma cin abinci kamar wanda aka yi wa rowa tun haihuwa. Muryar kuwa ta zama ta yaro sak, ƙarama, mai zaƙi, wadda uwarsa ba ta taɓa ji ba. Ko ɗaukarsa ba ta iya sosai ba, Rahina na yi mata dariya wai ta riƙe shi kamar tulun aro. Kullum tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a koma wurin Iya. Da ta gwada tambayarsa abin da ya faɗa a ƙofar ɗakin aiki, kallonta kawai ya yi, bai san zancen ba.

Da lokotoro ta duba ta ce ya warke, suka koma Birni da hantsi. Iya Shatu ta fito, ta amsa gaisuwar kowa, har ta Zuwaira. Yaron ya ruga ya faɗa jikinta yana zuba surutu, ta dafa kansa. Ta zuba masa abinci a akushi. Da azahar ta shimfiɗa buzu, ya kwanta, ta zauna a gefensa ta karkata kai.

Gidan duka ya kasa kunne. Mahamud bai koma rumfa ba, yana zaure. Fati na tsaye a bayan katangarta. Zuwaira na bakin murhu, ba ta ko yi kamar tana wani aiki ba. Rana ta daki duwatsu, lungu ya mutu, daga ɗakin tsohuwa ba abin da ke fitowa. Aka daɗe a haka, har inuwar bango ta soma miƙewa.

Sai ƙyaure ya motsa. Iya Shatu ta fito a hankali, tana dafa bango, ta zo ta tsaya a gaban surukarta. Ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Ke kika raka shi har ƙofa?"

"Ni ce, Iya."

"Bai bar sallahu ba?"

Zuwaira ta ɗago ta dube ta. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Rahina. Ta so ta ce a'a, bakinta ya ƙi. Ta ce, "Ya ce kada ki jira shi."

Tsohuwa ta gyaɗa kai sau biyu. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan hawayen da ba su zo ba ranar da aka fita da Malam Idirisu suka zo, shiru, suna bin tamojin fuskarta. Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane. Ta koma ɗaki, ta janye buzun daga ƙarƙashin yaron da ke barci, ta naɗe shi. Fati ta zagayo ta shigo ba sallama mai ƙarfi, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da haƙuri, ƙawata. Allah ya jiƙansa." Mahamud na zaure, an ji yana jan hanci.

Janye buzun ne ya ta da yaron. Ya miƙe yana murza ido, ya kama zanen kakarsa yana cewa da sabuwar muryarsa, "Iya, Iya, ƙishi nake ji."

Ta dube shi, duba na kirki, irin wanda ake wa ɗan maƙwabta da ya ɓato hanya. Ta kama hannunsa ta fito da shi tsakar gida, ta ɓamɓare yatsunsa daga zanenta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Zuwaira, zo ki ɗauki ɗanki. Mu nan makoki muke." Ta koma ciki ta ja ƙyaure.

Ya tsaya a tsakiyar rana ba takalmi, ƙasa na ƙona masa ƙafa. Ya buga ƙyauren da tafin hannu, ya kira, ya sake kira, ba a amsa ba. Ya juyo yana dube-dube, fuska jiƙe, bai san wurin wa ake zuwa ba in Iya ta rufe ƙofa.

Zuwaira ta taso. A gaban mijinta da ya fito daga zaure, a gaban matan maƙwabta da suka fara shigowa jin an yi salati, ta sunkuya ta ɗauke shi. Ya yi nauyi fiye da ranar da ta gudu da shi. Ya turje, sannan ya saki jiki, ya cusa fuska a wuyanta.

Ya ce, "Zuwaira, me na yi mata?"

Ta san ita ta jawo masa wannan. Ta ƙara matse shi. Yana ta sheshsheka, iska na shiga ta hancinsa tana fita da ɗumi a kan fatar wuyanta, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.